Kwabban da sojojin sama ba su dawo sun ɗauka ba

A ƙauyen Tattershall Thorpe da ke yankin Lincolnshire a gabashin Ingila, akwai wata tsohuwar mashaya mai suna Blue Bell Inn, wadda tarihinta ke ɗaure da Yaƙin Duniya na Biyu.

A ƙauyukan Ingila, mashaya ita ce dandalin da jama'a ke haɗuwa su ci, su sha, su yi hira.

A lokacin yaƙin, wannan ta zama matattarar sojojin saman da ke sansanin Woodhall Spa na kusa da ita, musamman 'yan runduna ta 617 da ta 627.

Da yawansu sun rubuta sunayensu a jikin silin. Wasu kuma kan cusa kwabo a tsagar azara kafin su tashi kai farmaki, da niyyar sayen abin sha da shi idan sun dawo.

Kwabbai da dama sun ci gaba da zama a wurin, domin masu su ba su dawo ba.

Asarar rayuka

Cikin mutum kimanin 125,000 da suka yi aiki a jiragen ruwan bama-bamai na Birtaniya, 55,573 ne suka mutu, wato kashi 44 cikin ɗari. Akasarinsu samari ne.

Runduna ta 617 ta yi suna ne a watan Mayun 1943, lokacin da ta kai wa madatsun ruwan Jamus hari. Jirage 19 suka tashi, takwas ba su dawo ba, sojoji 53 suka mutu. A watan Janairun 1944 ta koma Woodhall Spa.

Taƙaddama

To amma waɗanda bama-baman suka faɗa wa ma sun ɗanɗana kuɗarsu.

Jiragen runduna ta 627 ne suka yi wa sauran alamar inda za su jefa bama-bamai a birnin Dresden a watan Fabrairun 1945, inda mutum kusan 25,000 suka hallaka.

Saboda muhawara kan kisan fararen hula, an daɗe ba a karrama sojojin ba. Sai a 2012 Sarauniya Elizabeth ta buɗe wurin tunawa da su a London.

Kafin nan, wurare irin su Blue Bell ne suka adana sunayensu.