Gaɓɓai ke ciwo, ciki ke biyan bashi

A kusan kowane gungun asusu akwai mace guda da hannunta bai iya kwance bakin zane ta fiddo zubi sai rana ta ɗaga. Yatsu sun kumbura, sun sandare tun asuba. Mukan ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar jikin, kamar yadda ake gani a poliyartirit da lupus. Cikin mutum 10 masu lupus, wajen 9 mata ne, galibi ƴan shekarun haihuwa.

Abin da ba a cika faɗi ba a taro shi ne ciki. Ƙwannafi, kumburi, tashin zuciya, wani lokacin zawo. Cutar kanta takan taɓa hanji, amma mafi yawa magani ne. Diclofenac da ibuprofène, waɗanda ake saye wurin mai talla a tire, suna kwantar da ciwon gaɓɓai ƙwarai, shi ya sa ake son su. Sai dai suna rage kariyar da tumbi ke yi wa kansa. Mace ta haɗiye biyu da sassafe, ba ta ko sha kunu ba, ta wuce daka. Wata da watanni haka, sai gyambon ciki. In kuma tana shan prednisone tare da su, haɗarin ya ƙaru.

Ƴan uwa, ku riƙa duba bayan gida. In ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo da mugun wari, ko aka yi amai da jini, ga jiri, ciki ne ke zubar da jini. Ranar za a tafi likita, ba a jiran ranar kasuwa. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta shi, amma bari ma'aikacin lafiya ya rarrabe.

Kada kuma ciki ya sa ki yanke prednisone farat ɗaya, jiki bai ɗaukar haka. Méthotrexate sau ɗaya ake shan shi a mako, kuma bai haɗuwa da juna biyu. Ki kai duk kwalayen da kike sha, har da na tire da sassaƙe, ki baje su gaban lokotoro, babu kunya. Akwai maganin kare tumbi, kamar oméprazole, da zai iya rubuta miki.

Kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Damagaram kuwa, ai don irin wannan muke zuba asusun taimako. Shugaba, ki tambaye ta a gefe bayan an rufe akwati, don ba za ta faɗa a gaban mutane ba.