Bangon da magininsa ya kwanta

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Darki ya san ba ƙarfin tubali kaɗai ke riƙe bango ba. Damina ta zaizaye shi, hunturu ya tsattsaga shi, awaki su yi ta goga jiki. Yaɓe ne rufin asirinsa: kafin saukar ruwa a kwaɓa ƙasa, mai hali ya haɗa da makuba, magini ya bi ya shafe. Shekarar da yaɓe bai samu ba kuwa, mutanen gida ne ke sauya hali. A daina watsa ruwan wanke-wanke a gindinsa, a daina jingina masa turmi.

Wannan bangon na riƙa tunawa lokacin da goggona take zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano karɓar kemo duk bayan mako uku, saboda sankarar mama. Ita ma fata kullum cikin yaɓe take. Ta sama tana zubewa, sabuwa tana tasowa daga ƙasa, cikin kamar mako huɗu an sake ta. Shi kemo ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa yake bi, bai san na ciwo da na fata da na gashi ba. Magini ya kwanta ke nan. Fatar Goggo ta bushe, ta yi duhu, farcenta ya yi baƙi, ƙaiƙayi ya hana ta barci.

Mu kuma, don ƙauna, muka ɗauko soso da sabulun salo da ruwa mai tururi, muna zaton dauɗar jinya ce. Har yau abin yana ci mini rai. Tsintsiyar kwakwa muka sa wa bangon da ke marmashewa. Masu zuwa dubiya ma kowa da tasa: wannan ta kawo man bilicin don duhun ya washe, waccan ta ce a yi mata dilka, wata ta miƙo humra. Man bilicin sau da yawa yana ɗauke da sinadarin da ke ƙara wa fata siranta, dilka kankara ce, turare kuma a busasshiyar fata raɗaɗi yake sawa.

Abin da ma'aikaciyar jinya ta koya mana bai fi ƙarfin aljihun kowa ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanka gajere, sabulu marar ƙamshi, tafin hannu a madadin soso. A dangwale jiki da tsumma mai laushi, kada a goga. Tun da sauran danshi a shafa basilin ko man kaɗanya tsantsa, wanda ba a gauraya da komai ba. A hunturu mai alwala sau biyar tana buƙatar shafa mai sau biyar, musamman dunduniya da tsakanin yatsun hannu. Masu shan ƙwayar kemo ta Xeloda tafin hannunsu da na ƙafa kan yi zafi, ya kumbura, har ya saɓule, don haka a ɗauke musu daka da wanki, su bar tafiya ba takalmi, a kuma sanar da likita da wuri.

Da aka tura Goggo gashin na'ura a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sai lallaɓawar ta ƙaru. Wurin da ake gasawa ba ya nuna komai da farko, sai a mako na biyu ko na uku ya fara duhu da zafi, kuma yakan ci gaba har kwana goma ko mako biyu bayan an gama. Alamar da aka zana a ƙirji ba a goge ta, da ita ake saita na'ura. Ba man zafi, ba gashi da tsumma, ba filasta, ba rigar mama mai matsewa. Rigar auduga sakakkiya, mayafi a rana, kuma duk man da za a shafa a wurin a fara nuna wa masu gashin.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jikin mai karɓar kemo, wanda garkuwarsa ta yi ƙasa, ɗan faso a dunduniya ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Fata ta fashe tana ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni, to ba a jiran ranar ganin likita, ba a tsayawa kemis. A nemi mota a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Wata uku da gama magani na je Darki gaishe da Goggo. Na tarar da ita a inuwar zaure da gwangwanin man kaɗanyarta a gefe. Na ce, "Goggo, ya ƙarfin jiki?" Sai ta miƙo mini hannu in duba. Baƙin farcen ya tura gaba zuwa baki, daga gindi kuma sabo ya fito, fari tas.