Wasan kwamfuta da ya taimaki masana kimiyya

Iyaye da yawa in sun ga yaro ya duƙufa kan wasan kwamfuta, sai su ce ɓata lokaci ne, kuma galibi da gaskiyarsu. Amma akwai wani wasa mai suna Foldit da ya fita daban.

Masana a Jami'ar Washington da ke Amurka ne suka fito da shi a 2008. Ɗan wasa zai ga furotin a allo kamar zaren da ya cukurkuɗe. Sai ya ja nan, ya lanƙwasa can, har zaren ya naɗe yadda ya kamata, kuma duk gyara mai kyau yana ƙara masa maki. Siffar furotin ce ke tsara aikin da yake yi a jiki, don haka masu neman magani suke buƙatar saninta.

A 2011 aka ba da labarin yadda aka miƙa wa 'yan wasan wani furotin na ƙwayar cutar da ke sa birai ciwo mai kama da ƙanjamau. Masana sun fi shekara goma suna fama da shi. Cikin makonni uku 'yan wasan suka gano siffarsa, alhali da yawansu ba masana ba ne. Idon mutum kan hango lanƙwasar da kwamfuta ke ta laluben ta.

David Baker, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa wasan, ya samu kyautar Nobel a fannin sinadarai a 2024. Wasan dai kyauta ne a intanet.