Kada a sayar da tsohon majigi a kan kilo

A Difa da garuruwan bakin Komadugu, masu sayen tsofaffin ƙarafa da kilo suke ciniki. To ƴan kasuwa, in tsohon majigi ya shigo hannunku, ku dakata. Masu tara kayan tarihi sun fi biya in ampilinsa, wato na'urar ƙara sauti, na asali ne. Ga yadda muke gane shi: sunan kamfani, kamar Bell & Howell na Amurka ko Debrie na Faransa, ɗaya ne a jikin majigi da ampili; tsofaffin suna da kwalaben gilashi a ciki; babu sabuwar huda ko sabon liƙin dalma. Hattara, na Amurka galibi volt 110 yake ɗauka, wutarmu kuwa 220 ce. Ku nuna wa mai gyaran rediyo kafin ku jona, kada ya ƙone.