Azitromisin: maganin da ya rage mutuwar yara a Doso da Tawa, da hatsarin sayar da shi a tire

A shekarun baya-bayan nan sunan ƙasarmu Nijar ya shiga bakin manyan likitocin duniya, saboda wani magani da yawancinmu muka saba gani a farmasi, wani lokaci ma bisa tiren masu tallar ƙwaya a kasuwa. Sunansa azitromisin, yana cikin magungunan da ke kashe ƙwayoyin cuta a jiki.

Da farko ana raba shi ne a ƙauyuka domin ciwon idon nan mai juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum, wanda likitoci ke kira tarakoma. To a shekara ta 2009 sai masu bincike a ƙasar Habasha suka lura cewa a garuruwan da aka raba maganin saboda ido, mutuwar yara ta ragu da kusan rabi. Abin ya ba kowa mamaki, aka ce sai an gwada shi da kyau.

Gwajin ya gudana a ƙasashe uku, Nijar da Malawi da Tanzaniya, a kan yara wajen 190,000 daga ɗan wata 1 zuwa wata 59. A nan gida an yi shi a jahar Doso, yankunan Boboye da Loga. Ƙuri'a aka jefa tsakanin ƙauyuka: waɗansu aka ba yaransu maganin sau biyu a shekara, waɗansu aka ba su wani ruwa mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Da sakamako ya fito a 2018, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar, alhali a Malawi kusan kashi 6 ne, a Tanzaniya kashi 3. Wato inda yara suka fi mutuwa, nan maganin ya fi amfani. A wajenmu an ga raguwar mace-mace daga zazzaɓin cizon sauro da atini da sanƙarau da ciwon huhu.

A 2020 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar a tsaya ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11 kawai, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa. Sai aka sake wani babban bincike mai suna AVENIR a jahohin Doso da Tawa, ƙauyuka 3,000, yara sama da 380,000. Sakamakonsa na 2024 ya nuna cewa in an ba duk yaran da ba su kai shekara biyar ba, mutuwa tana raguwa da kashi 14 cikin ɗari. In kuwa jarirai kaɗai aka ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Har su jariran sun fi tsira in an ba yayyensu. Kowace uwa ta san dalili: babban yaro ne ke yawo a unguwa ya kwaso tari da zawo ya kawo wa na goye.

Me ya sa OMS ta yi taka-tsantsan tun farko? Nan ne maganar ta shafe mu, mu ƴan kasuwa. Ƙwayar cuta tana sabawa da magani in ana yawan shan sa, har ta daina jin sa. A gwajin Doso, bayan shekara biyu, an duba hancin yara: a ƙauyukan da aka ba maganin, kashi 12 cikin ɗari na ƙwayoyin ciwon huhu sun daina jin irinsa, a sauran ƙauyukan kashi 3 ne. Wannan fa duk da cewa sau biyu rak a shekara aka ba da shi, kuma bisa awo.

To ina ga wanda ake saya ƙwaya biyu ko uku a tire, bayan ya wuni a rana, a ba yaro don yana mura? Mura ta yau da kullum ba ta jin wannan magani ko kaɗan. Kuɗi sun tafi, kuma an koya wa ƙwayoyin da ke jikin yaron yadda za su jure masa. Ranar da ciwon huhu na gaske ya zo, likita ya rubuta shi, sai a sha ya ƙi aiki. A ganinmu mai tallar ƙwaya da ya ji labarin binciken nan ya mai da shi kirarin hajarsa, ya ci amanar matan da ke sayayya a wajensa, ko da bai yi nufin cuta ba.

A wajen binciken, ma'aikatan lafiya ne ke zuwa gida-gida da maganin ruwa. Yaron da ke iya tsayuwa a auna tsawonsa da sanda mai alamomi, jariri kuma a ɗora shi a sikeli, sannan a ba kowa gwargwadon jikinsa, sha ɗaya, sai bayan wata shida. In irin waɗannan ma'aikata suka zo garinku ran kasuwa, a bar wa wani babba yaran a gida, ko a tambayi mai gari inda za su zauna a kai su can.