Yadda Guringuntsin Gaɓɓai Ke Gane Nauyi Ta Hanyar Sinadarin Kalsiyam

Ciwon gwiwa da na ƙugu na daga cikin matsalolin da ke raba manomi da gonarsa tun da sauran ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutane miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai mai zaizaye guringuntsi, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Guringuntsi shi ne farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe kan ƙasusuwa a mahaɗarsu. Ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa idan ya lalace da wuya ya farfaɗo. Wasu 'yan ƙwayoyin halitta da ke cikinsa ne ke kula da shi, kuma da sinadarin kalsiyam suke gane irin nauyin da aka ɗora wa gaɓar.

A jikin kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi. Idan mutum yana tafiya ko aiki daidai gwargwado, ƙofar da ake kira TRPV4 takan buɗe, kalsiyam kaɗan ya shiga. Wannan saƙo ne ga ƙwayar cewa ta ƙara samar da kayan gina guringuntsi. Amma idan nauyi ya wuce kima, ko aka bugu sosai, sai wasu ƙofofin masu suna Piezo1 da Piezo2 su buɗe, kalsiyam ya kwararo fiye da buƙata, har ya kai ga kashe ƙwayar. Masani Ardem Patapoutian na Amurka da abokan aikinsa ne suka gano ƙofofin Piezo a 2010, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 2021.

Abin lura shi ne, gaɓa na buƙatar motsi, amma ba ta son azaba. Yawan zama na raunana guringuntsi, haka ma yawan dakon kaya masu nauyi da ƙiba. Bugu da ƙari, shan ƙwayar kalsiyam ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye.

Saboda haka ana shawartar jama'a su riƙa raba kaya gida biyu ko su yi amfani da amalanke, kuma su garzaya asibiti idan gwiwa ta kumbura ko ciwo ya daɗe. Ana kuma kira ga jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni su dubi kusanto da rijiyoyi da gyaran hanyoyin gona, domin sauƙaƙa wa mata da yara wahalar dako.