"Batir Ya Mutu": Gano Musabbabin Yawan Saukar Batirin Mota

A bakin mai mota, jimlar "batir ya mutu" ta wadatar wajen bayyana duk safiyar da aka murɗa makulli injin ya ƙi tashi. Mai gyaran wutar mota kuwa ba ya tsayawa a kanta. A wurinsa batirin da "ya sauka" daban yake da wanda "ba ya riƙe caji", kuma dukansu sun bambanta da motar da "ba ta caji" ko wadda "ke shan wuta". Waɗannan kalamai na gareji suna nuni ga wurare mabambanta da matsalar kan ɓuya. Wanda bai rarrabe su ba yakan sayi sabon batir da tsada, bayan 'yan makonni ya sake neman masu tura masa mota, domin abin da ya kashe na farko yana nan bai gusa ba.

Batirin da yawancin motoci ke amfani da shi na dalma ne da asid, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859. Yana da ɗakuna shida, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1. Saboda haka awon farko shi ne a ɗora mita a kan kawunan batirin bayan motar ta huta wasu sa'o'i. Idan ta nuna 12.6, a cike yake, 12.2 na nufin kusan rabi ya tafi. Ƙasa da 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Adadin da ya tsaya wajen 10.5 bayan an yi caji yakan nuna cewa ɗaki guda ya lalace, kuma wannan ba shi da magani sai canji. Sai dai wannan awo yana faɗin yawan abin da ke ciki ne kawai. Ƙarfin batirin kuwa sai a lokacin tayar da injin ake ganinsa: idan mita ta faɗi ƙasa da 9.6 a daidai lokacin da ake murɗa makulli, alhali an cika shi, to ya gaji.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a dubi kawunansa. Farin garin da ke taruwa a kansu, ko sakin noti, ko tsatsar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, duk suna iya hana wuta shiga da fita.

Daga nan sai a koma ga altaneta, wadda aikinta shi ne mayar wa batir abin da aka ciro wajen tayar da injin. Idan injin na aiki, ana sa ran mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka, kuma kada adadin ya zube sosai idan an kunna fitilu da na'urar sanyaya iska. Ƙasa da haka na iya zama daga sakin bel, ko cinyewar burushi, ko lalacewar regileta. Sama da 15 ma cuta ce, domin caji fiye da kima yana ƙone ruwan batir. Akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu ake gani a wasu gareji, ta cire kan batir injin na aiki don a ga ko zai mutu. Ta samo asali ne daga zamanin motocin da ba su da kwamfuta. A motar yau tana iya ƙona na'urorin da kuɗinsu ya ninka na batirin.

Mafi wuyar ganewa shi ne satar wuta a lokacin da mota ke ajiye. Ko an zare makulli, agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da na'urar kulle ƙofofi suna jan 'yar wuta, wadda galibi ba a so ta wuce miliamfiya 50. Lissafi kaɗan zai nuna illar abin da ya haura haka. Ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5 da ya maƙale a kunne cikin but yana jan kusan amfiya 0.4, wato kimanin amfiya-awa 10 a kwana guda. Batir mai amfiya-awa 60 zai rasa rabinsa cikin kwana uku. Wannan ne ya sa motar da ake hawa kullum ba ta nuna alama, amma da zarar ta kwana biyu ko uku a ajiye sai ta ƙi tashi. Hanyar bincike ita ce a kashe komai, a cire kan batir mai alamar ragi, a sanya mita a tsakani, a jira kwamfutocin motar su yi barci, abin da kan ɗauki minti 20 zuwa 30 ko fiye. Sannan a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi. Layin da fiyus ɗin ke karewa a nan ɓarawon yake. Sau da yawa kayan da aka ƙara wa motar daga baya ne, kamar lasifika ko na'urar bin sawu da aka jona kai tsaye ba ta hanyar makulli ba. Idan kuma an zare fiyus duka adadin bai sauka ba, sai a tuhumi altaneta, domin idan ɗaya daga cikin diyod ɗinta ya lalace, wuta kan riƙa komawa ta cikinta da dare, ko da kuwa da rana tana caji.

Abin da ke rikita bincike shi ne ɗayan matsalolin yana haifar da ɗayan. Duk lokacin da batir ya sauka, wani gishiri na dalma yana kwanciya a kan farantansa. Caji a kan kari yana narkar da shi, amma idan aka bar batirin a sauke kwanaki, gishirin yakan taurare ya rage wurin da ke riƙe wuta. Ta haka batir lafiyayye da satar wuta ta sauke sau da dama yakan koma mara riƙe caji da gaske, sai a ɗora masa laifin duka. Gajerun tafiye-tafiye cikin cunkoson gari, inda ake yawan kashewa da tayarwa, suna yin irin wannan ɓarna a hankali.

Yanayi ma yana da nasa kaso. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ruwan batir yana saurin ƙafewa, farantai kuma suna saurin cinyewa. Ɓarnar takan faru ne a bazara, amma sau da yawa sai sanyin safiyar hunturu ke tona ta, lokacin da man injin ya yi kauri, ƙarfin batirin kuma ya ragu. A batirin da ake iya buɗewa, ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa ake cike shi har ya rufe farantai, domin asid ɗin yana nan bai tafi ba, ƙara shi kuwa yana hanzarta cin farantan. A kuma nisanta wuta da taba daga wurin caji, saboda iskar haidurojin da batir ke fitarwa tana iya kamawa.